Zara za ta sake ratsa Kaza da 'Ya'yanta a 2028, a sanar da jama'a tun da wuri

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da ba kasafai ake ba shi ko layi biyu a jaridun Hausa ba, alhali kuwa a saman kan kowa yake faruwa, mai kuɗi da talaka, kuma ba a biyan ko sisi kafin a kalle shi. A farkon watan Afrilu na 2028, wajen ranakun 3 da 4 ga wata, in Allah ya kai mu, Zara, wadda iyayenmu ke yi wa kirari da matar wata, za ta ratsa ta cikin tarin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Sau ɗaya ake ganin haka a shekara takwas. Ta bi ta wurin a 2012, ta sake bi a 2020, kuma a nan Gombe 'yan tsiraru ne suka ɗaga kai. Ba wai mutane ba sa so ba ne, ba wanda ya gaya musu ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, kada na 2028 ma ya wuce mu haka.

Ni mai ɗaukar hoto ne a cikin garin Gombe. Da biki da suna da hoton fasfo nake ciyar da iyalina, ranar Sallah kuma in bi mahaya har ƙofar fada. Abin da na sani game da taurari kashi biyu ne: wanda na ji daga bakin kakana, manomi a ƙasar Dukku, Allah ya ji ƙansa, da wanda na tsinta daga baya a karance-karance da tambayar waɗanda suka fi ni. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san cewa wannan harka ba sai mai digiri ba. Kyamarar da nake ɗaukar amare da ita, ita ce dai nake juyawa sama.

Na 2020 ya faɗo ranar Juma'a, 3 ga Afrilu, ana tsakiyar fargabar korona. Makarantu a rufe, taruka sun tsaya, mu masu hoto muna zaune ba aiki. Tun watanni kafin nan Zara take haskawa a yamma bayan magariba, kullum tana ƙara matsowa kusa da Kaza. Ranar Alhamis tana ƙasa da tarin kaɗan, ranar Juma'a ta shiga cikin 'ya'yan, ranar Asabar ta ɓullo ta sama. Wanda ya kalla da ido kawai ba zai more ba sosai, domin hasken Zara ya ninka na mafi hasken 'ya'yan Kaza sau ɗaruruwa, ga shi wata ya kai wajen kwana goma yana tsaye a sama ya wanke duhun. Amma da na ɗora madubin hange mai ido biyu, sai komai ya fito. Zara fara fat, tana ƙyalli har ido na kawo ƙwalla, kusa da ita manyan taurari shida ko bakwai masu ɗan shuɗi-shuɗi, ƙanana kuwa gommai a warwatse. Na kira maƙwabcina, dattijo ne da ya haura saba'in. Ya karɓi madubin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce tun yana yaro shida yake ƙirga 'ya'yan Kaza, ashe sun fi haka nesa ba kusa ba. Ya aika aka kirawo jikokinsa, ya ce su zo su gani da idonsu kada wata rana a ba su labari.

A wannan daren, mutanen da annoba ta kulle a gidajensu a Turai da Amurka da Asiya sun fito baranda da tsakar gida sun ɗauki hoton abin, washegari hotuna suka cika intanet. Galibinsu ba masana ba ne, mutane ne masu sana'o'insu daban, sha'awa ce kawai ta haɗa su. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mu ba mu fi su rashin dama ba. A farkon Afrilu damina ba ta sauka a Gombe ba, in ba ɗan hazo ba sama a buɗe take. Ƙauyukanmu suna da duhun da mazauna manyan biranen Turai ke tafiyar sa'o'i a mota suna nema. Kuma da yake muna wajen digiri 10 ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, muna ganin taurarin arewa, muna ganin mafi yawan na kudu, abin da mutumin Ingila ba ya samu.

Bari in bayyana abin da ke faruwa, kada a ɗauka karo suka yi ko haɗuwa. Zara duniya ce, girmanta ya kusa na tamu, tana kewaya rana, kuma ba ta da hasken kanta, na rana take maido mana. A daren nan nisanta da mu bai kai kilomita miliyan 100 ba. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka hasken da ya baro Zara minti biyar da ɗoriya ya yi a hanya. 'Ya'yan Kaza kuwa kowane ɗayansu rana ce mai zaman kanta, manyan cikinsu sun fi tamu girma da zafi, kuma sun haura dubu in aka haɗa da waɗanda ido ba ya kamawa. Haskensu shekara wajen 440 yake yi kafin ya iso mu. Wato hasken da ya shiga kyamarata ya baro can fiye da shekara 200 kafin jihadin 1804, tun ba a haifi Buba Yero ba, balle a yi zancen masarautar Gombe. Misalinsa, ka tsaya a kan tudu a bayan gari da dare kana hangen fitilun Gombe can nesa, sai mai babur ya gifta ta gabanka da fitilarsa a kunne. A idonka ya shiga cikin fitilun gari, alhali bai ko doshe su ba.

Batun shekara takwas kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Zara tana gama zagaye ɗaya a kwana kusan 225, duniyarmu a kwana 365 da 'yan sa'o'i. In ka buga, zagaye 13 na Zara ya zo daidai da zagaye 8 namu, bambancin bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Don haka duk bayan shekara takwas sai ta dawo wuri guda a sama, a kusan rana guda ta shekara. A sauran shekarun ma tana wuce Kaza, amma da tazara, domin Kaza tana wajen digiri 4 arewa da hanyar da rana da duniyoyi ke bi a idonmu. Sai a wannan zagayen ne Zara ke karkatowa arewa har ta cim mata. Da irin wannan lissafin ake fitar da jadawalin lokutan salla da ake mannawa a masallatai, kuma da shi aka san ranar 2028 tun yanzu.

Ba Zara kaɗai ke yin haka ba. A ranakun 1 da 2 ga Yuni 2023, Mirrihu, jar duniyar nan da ake kira Mars, ta ratsa wani tarin da ke cikin burujin Saraɗan, wanda masu lissafin taurarin noma ke kira Nasara, Turawa kuma su ce masa amyar zuma. Wannan ya fi wahalar kamawa. Damina ta fara, hadari yana haɗuwa kusan kowace yamma, wata ya kusa cika, ita kuma Nasara ba irin Kaza ba ce, ko a dare mai duhu ɗan dishi-dishi kawai ido ke gani. Ni da wani abokina, malamin sakandare mutumin Kaltungo, muka fita hanyar Dadin Kowa bayan magariba muka kafa kyamara muna jiran gajimare ya ba da fili. Da ya buɗe, sai ga ɗigo ja a tsakiyar taurari farare da 'yan rawaya-rawaya. Ita Mirrihu nisanta a lokacin ya kusa kilomita miliyan 300, tafiyar haske ta minti 16 da ɗoriya. Taurarin da ke bayanta kuwa tafiyar shekara wajen 600 ce, su ma sun kai dubu. Abin da ya fi burge abokina shi ne da muka jera hotunan dare biyu: taurari suna nan inda suke, jan ɗigon ya matsa fiye da faɗin wata. Ya ce shekara da shekaru yana zana wa ɗalibai zagayen duniyoyi a allo, sai ranar ya ga motsin da idonsa. Ya buga hotunan biyu a takarda ya kai aji. Mirrihu tana zagaye rana a kwana 687, don haka kusan duk shekara biyu takan dawo ta wajen Nasara. A farkon Mayu 2025 ma ta gifta ta gefenta.

Wannan tarin yana da tsohon tarihi. Mutanen Girka da Rum na dā sun rubuta cewa in sama ta yi kamar wasai amma ba a ganin Nasara, to ruwa na tafe, domin ɗan siririn gajimare ya isa ya ɓoye ta. Shekaru aru-aru ana ɗaukarta ɗan hazo ne a sama, sai da Galileo na Italiya ya ɗora mata madubin hangen nesa ya ƙirga taurari kusan 40, ya wallafa a 1610. Madubin da ya yi aiki da shi, ƙaramin madubin da ake sayarwa yau ya fi shi tsabtar gani.

To amma, Malam Edita, ba daga Italiya muka fara jin sunan Nasara ba, kuma nan ne abin ya fi ci mini rai. Kakana bai taɓa riƙe madubin hange ba, amma shekararsa ta noma a kan taurari 28 take tafiya, waɗanda malamai ke kira manzilolin wata. Kowane tauraro kwana 13 yake yi, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Bakwai na damina a bakinsa suke, yana jero su ba gargada: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Sai na kaka, sai na ɗari, sai na bazara, inda Suraiya take, wato Kazar nan tamu. In ka tambaye shi yau wane tauraro ake ciki, zai faɗa maka, har da kwana nawa ya yi. Da wannan yake sanin ruwan da za a yi shuka da shi da wanda yaudara ne, da lokacin da shukar dawa ta makara, da lokacin da ruwa ke yin nauyi. In ya ga Kaza ta fara faɗawa da wuri bayan magariba, sai ya ce a fito da gatari da magirbi a yi sharar gona. Ba ya cewa tauraro ne ke kawo ruwa, Allah ya tsare. Kalanda ce a wurinsa, wadda ba ta yagewa, ba ta kuma bin watannin Hijira da ke zagayawa cikin rani da damina.

Yau a danginmu ba wanda zai iya jero 28 ɗin nan a ka. Ni kaina sai na duba takarda. Akwai sauran dattawa a Dukku da Nafada da Kwami da Akko da suka san lissafin, akwai Fulani makiyaya da suke gane lokaci da gabas da yamma cikin dare ta kallon sama, akwai masunta a bakin kogin Gongola. In sun tafi ba a rubuta ba, shi ke nan. Dare irin na Zara da Kaza dama ce ta zaunar da jika kusa da kakansa, ɗaya da waya a hannu, ɗaya da abin da ya gada, kowa ya ƙaru da ɗan uwansa.

Akwai kuma abin da ke hana wasu matasa shiga wannan harka, gara in faɗe shi a fili. Da mutane suka saba ganina da dare ina kallon sama, sai magana ta fara yawo a unguwa wai duba nake yi. Har wata baiwar Allah ta aiko a tambaye ni ko tauraron 'yarta ya dace da na mai nemanta. Na mayar da ɗan aiken da haƙuri, na ce ni ban san gaibu ba, kuma ba wanda ya sani sai Allah. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ya nuna yadda ilmin falaki da bokanci suka cakuɗe a kawunan jama'a. Ni ba malami ba ne, amma abin da na ji daga malamanmu a fili yake. Alƙur'ani ya ambaci cewa an sanya taurari don a shiryu da su a duhun tudu da na teku, an kuma ƙaddara wa wata manziloli don a san adadin shekaru da lissafi. Abin da aka hana shi ne jingina wa tauraro ruwa ko arziki ko mutuwa. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu, aka yi husufin rana, mutane suka danganta abin da rasuwar, shi kuma ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Malaman Musulunci sun yi fice a wannan fanni. Abdurrahman Assufi ya rubuta littafinsa na siffofin taurari a wajen shekarar 964, kuma har yau sunayen taurari da yawa da masana ke amfani da su a duniya daga Larabci suka fito. Ina roƙon malamanmu da limaman coci su riƙa bambance wa mabiyansu waɗannan abubuwa biyu, don yaron da ya nuna sha'awa kada a kashe masa gwiwa da zargi.

Ga 'yan uwana masu kyamara, da matasan da ke da waya mai kyau, ga abin da aiki ya koya mini. Abu na farko, kada kyamara ta motsa. In akwai ƙafa mai uku, a kafa. In babu, a ɗora a kan katanga ko buhun yashi a tokare. Kada a danna da yatsa kai tsaye, a sa ta ƙirga daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka, domin ɗan girgizar hannu ya isa ya ɓata hoto. A kashe fokas na kanta, a juya da hannu a kan tauraro mai haske har ya tsuke ya zama ɗigo. Gilashi mai milimita 200 zuwa 300 ya wadatar, domin faɗin Kaza ya kai na wata huɗu a jere, Nasara kuma wata uku, babban madubi ma yakan yanke su. Sai a tuna sama ba a tsaye take ba. Saboda juyawar duniya, taurari suna tafiyar digiri 15 a kowace sa'a. In ka bar idon kyamara a buɗe ya daɗe, maimakon ɗigo sai ka ga layi-layi. Masu wannan aiki suna raba 500 da tsawon gilashi su sami adadin daƙiƙoƙin da ba za a wuce ba. Da milimita 200, daƙiƙa biyu da rabi ke nan, a ƙananan kyamarori ma wajen ɗaya da rabi. ISO kuwa, wato saitin ƙarfin kama haske na kyamara, tsakanin 800 da 1600.

Hoto ɗaya zai fito da yashi-yashi. Maganinsa a ɗauki da yawa a jere ba tare da an taɓa saiti ba, sannan a haɗe su a kwamfuta da manhaja irin DeepSkyStacker ko Sequator, duka kyauta ne. Yashin ya ragu, ƙananan taurari su fito. Matsalar Zara ita ce ƙarfin haskenta, in ka buɗe yadda 'ya'yan Kaza za su fito, ita sai ta kumbura ta zama dunƙule. Ni ban ɗauki wannan aibi ba, haka abin yake a ido ma. Wanda yake son ganin siffarta, ya ɗauki wani daban da sauri ƙwarai ta madubi mai ƙarfi, zai tarar rabinta ne ke da haske irin na wata ɗan kwana bakwai. Shuɗin ƙurar nan da ake gani kewaye da 'ya'yan Kaza a hotunan ƙwararru kuwa, kada a sa rai da ita a daren, tana bukatar duhu sosai da dogon lokaci, ga shi a 2028 ma wata zai kasance rabi ko ya ɗan haura. Zafin bazara yana ƙara wa hoto yashi, don haka kada a fito da kyamarar da ta wuni a cikin mota. Kada a canza gilashi a fili saboda ƙura. A rufe tocila da jan ƙyalle, a daina kallon fuskar waya, ido yana bukatar minti 20 ko fiye kafin ya saba da duhu. Lokacin kallo daga bayan magariba ne zuwa wajen ƙarfe tara, ta yamma, kafin su faɗi. Mai son sanin inda komai yake, manhajar Stellarium tana nuna saman Gombe na kowane dare, na baya da na gaba. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya aro madubi mai ido biyu, wallahi ya isa.

Wani zai ce mece ce ribar wannan, ana fama da tsadar masara da taki. Ban raina tambayar ba, ni ma ina cefane. Amma masu sha'awa sun sha gano abin da manyan cibiyoyi ba su gani ba. A watan Yuli 1995, Thomas Bopp, wanda ko madubin kansa ba shi da shi, yana kallon wani tarin taurari ta madubin abokinsa a jihar Arizona ta Amurka, ya lura da wani haske da ba ya cikin taswira. Tauraruwa mai wutsiya ce, wadda duniya ta kalla da ido a 1997, kuma har yau tana ɗauke da sunansa tare da na Alan Hale. A watan Satumba 2016, Victor Buso, mai gyaran makullai a birnin Rosario na Ajantina, yana gwada sabuwar kyamara a saman gidansa ya kama farkon fashewar wani tauraro, abin da masana suka daɗe suna nema. Ko ba a kai nan ba, yaron da ya koyi dalilin da ya sa Zara ke dawowa duk shekara takwas ya koyi lissafi, ya koyi haƙuri, ya koyi gwada abu kafin ya yarda. Ƙasar nan tana da hukumar binciken sararin samaniya tun 1999, ta harba tauraron ɗan Adam na farko a 2003, har tana da cibiya a Toro ta jihar Bauchi, maƙwabtanmu. Su wa za su yi aiki a wuraren nan gobe, in yaranmu ba su taɓa ɗaga kai ba?

Duhun ma da muke tinƙaho da shi yana raguwa. Fitilun titi masu aiki da hasken rana alheri ne, ba mai ja, sun rage sata sun taimaki masu sana'ar dare. Amma a tsakiyar Gombe yanzu da ƙyar ake ganin Nasara da ido. In da za a riƙa sunkuyar da kan fitila ƙasa inda ake bukatar hasken, da an amfana ta kowane ɓangare. Mai son kallo sosai sai ya fita: hanyar Dadin Kowa, gindin Dutsen Bima, tsaunukan Tula. Sai dai ina jan kunne, kada kowa ya fita shi kaɗai, kuma a fara sanar da mai unguwa ko dagaci da 'yan sintiri. A halin da ake ciki, baƙo da ƙarfe mai ƙafa uku a bayan gari da dare dole a tambaye shi, kuma masu tambayar suna da gaskiya. Mu duk inda muka je mukan fara miƙa musu madubin su kalla, daga nan sai hira ta ɓarke.

Ga roƙona gare ka, ranka ya daɗe. Ku ware ɗan gurbi sau ɗaya a wata, ko da rubu'in shafi ne, a riƙa faɗa wa masu karatu abin da za su gani a sama: ranar tsayuwar wata da cikarsa, inda Zara take, ko da yamma take fitowa ko da asuba a matsayin Gamzaki, inda Mirrihu da Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn) suke, da tauraron noma da ake ciki. A rubuta da sunayen da muka gada. Masu rubutawa ba za su yi wuya ba. Akwai malaman kimiyya a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi. Akwai 'yan kwamitin ganin wata da ke aiki ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, waɗanda sun riga kowa iya duban yamma bayan faɗuwar rana. Ku kuma tura wakilanku ƙauyuka su ɗauko lissafin dattawa tun suna raye. Kafin Zara ma akwai husufin rana na 2 ga Agusta 2027, wanda zai rufe rana ɗungurungum a Makka da Jidda da kudancin Masar, mu kuma a arewacin Najeriya mu ga wani sashe ya rufu. Wannan dole a yi gargaɗi tun da wuri, domin kallon rana kai tsaye, balle ta madubin hange, yana makantarwa.

Shugabannin makarantu kuma ina kira gare su, kowace sakandare ta nemi ko da madubi mai ido biyu guda ɗaya kafin Afrilu 2028, a tara ɗalibai da iyayensu a filin makaranta a daren. Tun ran gini ran zane. In kun amince da wannan gurbi, Malam Edita, a shirye nake in aiko muku da hotunan da na ɗauka a 2020 da 2023 ku buga kyauta, ni da abokina kuma mu riƙa haɗa muku bayanin kowane wata har ku sami wanda ya fi mu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai ɗaukar hoto,
Unguwar Jekadafari, Gombe.